Ido ya san kima, amma ba mudu ba ne

Duk wanda ya taɓa zama ɗan koyo a rumfar kafinta a Maradi ya ji wannan magana daga bakin maigidansa: ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ana faɗinta ne sa'ad da yaro ya ɗauko mita zai sake awo, maigida ya ture hannunsa, ya ja layi da fensir, ya ce masa yanka nan. Da ita aka raine ni, ni ma na shekara fiye da 20 ina faɗa wa yaran rumfata. Sai dai mun saba haɗiye rabin farko na maganar da sauri don mu isa ga na biyu, alhali waɗanda suka yi karin maganar da rabin farko suka fara. Ido ba mudu ba ne. A aikin da muke yi yau, aikin filawud, wanda mu nan muke ce wa kwantarfilake, rabin farkon ne ke da gaskiya, kuma ƙin yarda da hakan yana ci mana katako, yana ci mana kasuwa, yana kuma cinye ƙuruciyar yaran da iyayensu suka danƙa mana.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, masassaƙi ne a Tibiri. Da gizago yake aiki. Yakan kwantar da gungumen kirya, ya zagaya shi sau biyu, ya fara sara, kafin kwana uku turmi ya fito. Ban taɓa ganin mita a hannunsa ba, kuma ban taɓa jin matar da ta dawo masa da turmi ba. Dalili a fili yake. Turmi shi kaɗai yake tsayuwa. In bakinsa ya fi na jiya faɗi da yatsa guda, ba abin da ya ɓaci, taɓarya za ta shiga, gero zai daku. Haka akushi, haka kujerar mata, haka ƙotar hauya, wadda ma ake so ta bi tsawon mai ita. A irin wannan aiki ido sarki ne, kuma ba na yarda kowa ya raina shi.

Amma dubi abin da ake kawo mana yau. Mai sayar da wayoyi a babbar kasuwa yana son akwatin nuni, gilashinsa an riga an yanka. Mai kayan sauti yana son akwati, lasifikarsa mai inci 12 ce ko 15, ba za ta ragu ba, ba za ta ƙaru ba. Uwar amarya tana son kwaba mai ƙofa huɗu, kowace da madubi, maƙalan ƙofar kuwa irin na zamani ne da ke neman rami mai faɗin milimita 35 daidai. Filawud ɗin kansa daga masana'anta yake zuwa, santimita 122 a faɗi, 244 a tsawo, ko daga Sin ya taso ko daga ƙasashen bakin teku. Komai yana iso mana da awonsa. Ramin da za mu huda masa ne kaɗai muke barin ido ya kintata. In bai shiga ba, mu ce wa yaro ɗauko magagari ka ɗan rage. In ya yi yawa, mu ce a cika da mastik, fenti zai rufe. Fenti yana rufewa, har zuwa ranar da hunturu ya busar da kayan, mastik ya tsage ya zubo.

Wani aiki da na yi wa matan Jiratawa shi ya sa na daina faɗin karin maganar nan yadda na gada.

Kowa a Maradi ya san zogalen Jiratawa. Bayan an buɗe filin noman rani na garin a farkon shekarun 1980, da rijiyoyinsa da famfunansa na lantarki, ganyen ya zama abin da garin ke ci da shi, ɗanye da busasshe. Wata ƙungiyar mata ta can ta nemi in yi musu akwatunan shanya guda 12, don ganyen ya bushe a inuwa, ba ƙura, ba ƙuda, ba akuya. Kowane akwati yana da taga 6 ta shan iska, kowace taga da firam na raga wanda ake cirewa a wanke a mayar. Taga 72 ke nan, kowace santimita 30 a 20. Na zana su ɗaya bayan ɗaya, na yanka da zarton lantarki mai tsalle, na bi kowace da magagari, sannan na yi wa kowace taga firam ɗinta daidai da yadda ta fito. A rumfa komai ya zauna das. Na rubuta lamba da fensir a bayan kowane firam, na ɗora a mota, aka kai.

Bayan mako uku shugabarsu ta zo da kanta. Dattijuwa ce, sa'ar mahaifiyata. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ɗana, mun wanke ragogin nan rana ɗaya, ruwa ya tafi da rubutunka. Yanzu wannan ya ƙi shiga, wancan ya faɗa ciki, wani kuma akwai kafar da ƙuda ke bi. Yini muka yi muna gwadawa." Na ce, "Inna, ai kowane da gurbinsa." Ta dube ni ta ce, "To ba taga iri ɗaya muka ce ka yi ba?"

Ba ni da amsa. Iri ɗaya suka ce, ni kuwa na yi musu iri 72. Na je Jiratawa na kwana biyu ina gyara, wasu bangaye sai da na sauya su daga aljihuna. Abin da ya fi damuna shi ne ba ganganci na yi ba. Iyakar ƙwarewata na zuba. Hannu ne kawai ba ya iya maimaita kansa sau 72, ko na wane ne.

Wanda ya nuna mini mafita abokina ne da muka yi koyo tare, ya tafi Abijan ya yi shekaru a wata masana'antar kayan ɗaki, ya dawo gida. Da na ba shi labari sai ya tambaye ni ko ina da defonsez, injin nan da mutanen Kano ke ce wa rauta. Ina da shi mana. Rumfuna da yawa a unguwannin Sabon Gari da Zariya suna da shi, amma kusan dukanmu abu ɗaya muke yi da shi: kwalliyar gefen gado da bakin tebur. Ya ce in ɗauko kwalin da injin ya zo a ciki. A ƙasan kwalin, cikin leda, akwai wani ɗan faifan ƙarfe mai wuya a tsakiya kamar bakin kwalba, wanda tun ranar da na sayi injin ban san amfaninsa ba. Ya ɗaga shi ya ce, "Rabin kuɗin injinka ga shi nan ka bar shi a kwali."

Ga yadda abin yake, don wanda bai taɓa gani ba. Defonsez inji ne na lantarki da ke juya ɗan haƙori na ƙarfe da gudun da ya wuce juyi 20,000 a minti ɗaya, haƙorin yana leƙowa ta ƙasan wani faranti da ke zamewa a kan katako. Wancan faifai, zobe muke ce masa, ana ɗaure shi a ƙasan farantin, haƙori ya ratsa ta tsakiyarsa ba tare da ya taɓa shi ba. Sai ka samu guntun allo ka fitar da siffar ramin da kake so a jikinsa, sau ɗaya tak, da duk natsuwar da Allah ya ba ka. Wannan allo shi ne gabari. Ka ɗora shi a kan filawud, ka matse da sarjuwan, wato ƙarfen matsewa, ka jingina wuyan zobe da bakin gabari ka zagaya. Zobe yana bin gabari, haƙori yana bin zobe. Hannunka ba ya zaɓen hanya, turawa kawai yake yi. Ramin farko da na ɗari duk ɗaya suke fitowa.

Akwai lissafi guda a ciki, kuma a kansa mutane suke karaya, alhali bai kai lissafin canjin naira da sefa da kowane yaron Maradi ke yi a ka ba. Tun da zobe ya fi haƙori faɗi, haƙori ba ya yanka a kan bakin gabari, yana yanka ne ɗan nesa da shi. Wannan tazara ita ce rabin bambancin faɗinsu. Zobena milimita 16 ne, haƙorin da nake sa masa 10. Bambanci 6, rabinsa 3. Ke nan a kowane gefe ramin zai gaza gabari da milimita 3. In ina son taga mai milimita 300 a 200, sai ramin gabarina ya zama 306 a 206. Shi ke nan. Wanda ya manta da wannan zai samu taga 72 duk iri ɗaya, duk kuma sun yi kaɗan, don gabari ba ya gyara kuskure, haihuwarsa yake yi. Saboda haka kullum a fara gwadawa a kan ragowar katako, a auna da mita, sannan a taɓa na mutane.

Shi gabarin mai kusurwa huɗu ba sai an huda shi ba. Abokina ya yanko guntayen filawud huɗu masu miƙaƙƙen baki, daga gefen da masana'anta ta yanka, ya jera su suka kewaye awon da muke so, ya haɗa da gam da ƙusa. Sharaɗi ɗaya: kaurinsa ya fi tsawon wuyan zobe, in ba haka ba wuyan zai riƙa gogar aikin. Sauran ƙa'idojin a yini ɗaya na koye su, amma na fi shekara kafin su zauna mini a hannu. Ba a ratsa filawud mai milimita 15 a tashi ɗaya, sau uku ake bi, biyar biyar, don haƙori kada ya ƙone ko ya karye. A cikin rami ana zagayawa ne yadda hannun agogo ke tafiya, domin ta haka juyin haƙori ke danna zobe a jikin gabari. In ka juya akasin haka, injin zai nemi ƙwacewa ya ruga. Guntun da zai fita daga tsakiya a kafe shi da ƙusa a kan allon da ke ƙasa, ko a fara cire mafi yawansa da zarto a bar wa injin ɗan kaɗan, don in ya saki yana lilo, haƙori na iya cafkarsa ya wurgar. Kusurwa kuwa a zagaye take fitowa, gwargwadon haƙori. In ana son ta da kaifi, cizal ne zai ƙarasa, ko kuma a zagaye kusurwar firam ɗin, wanda ni na fi so, don ba ta tara datti.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tsabtar bakin yankan. Filawud ɓawon icce ne siri-siri aka jera aka manne, wannan a tsaye wancan a kwance, shi ya sa yawansu kan zama mara, 3 ko 5 ko 7. Zarto mai tsalle yana cizo ne yana ɗagowa sama, sai ya tsattsage ɓawon fuska, wanda a filawud mai araha bai fi kaurin takarda ba sosai. Haƙorin defonsez kuwa ta gefe yake aske shi. In yana da kaifi, bakin yakan fito sumul, sanfefa kaɗan ta ishe shi.

Da matan suka ƙara odar akwati 8, a yini biyu na gama tagoginsu 48. Ban rubuta lamba ko ɗaya ba.

Na san abin da abokan sana'a za su ce, don sun faɗa mini a fuska. Na farko, wai gabari aikin raggo ne, yana kashe hannu, yaron da ya tashi da shi ba zai iya komai ba ranar da babu shi. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ni ma ba na ba yaro inji sai ya iya bin layi da zarton hannu, ya iya wasa cizal, ya iya karanta mita har milimita. Amma mu duba maƙwabtanmu. Mai buga bulo yana da mazubinsa, ba wanda ya ce ya yi ragganci don bai dunƙula kowane da hannu kamar tubali ba. Maƙeran da ke zuba tukwanen dalma suna danna tsohuwar tukunya cikin yashi su fitar da siffarta, su zuba sabuwa. Baduku yana da kwalin da yake ɗorawa a kan fata ya yanka takalmi, ƙafar dama da ta hagu. Mai awon gero a kasuwar Tibiri, komai daɗewarsa a sana'a, ba ya cewa idonsa ya san tiya, ɗauko ta yake yi ya cika. Duk garin nan yana aiki da abin awo tsayayye. Mu kafintoci ne muka mai da rashinsa abin alfahari.

Kuma ƙwarewa ba ta ɓacewa, wuri take sauyawa. Yin gabari mai kyau ya fi huda rami ɗaya wuya nesa ba kusa ba. Sai ka san lissafi, ka san kusurwa ta tsaya daidai, ka hango inda sarjuwan zai zauna bai tare wa inji hanya ba. Duk abin da maigida ya sani yana shiga cikin allon nan. Bambancin kawai shi ne yanzu sanin ya fito daga kansa ya zama abin da ake ratayewa a bango, yaro ya ɗauka ya yi aiki da shi.

A nan, ina jin, ainihin ƙin yake, ko da ba a faɗa. Da yawa daga cikinmu ba ma son sani ya fita daga kanmu. Na yi shekara huɗu a rumfar maigidana ina gugar katako da sanfefa, ina miƙe tsofaffin ƙusoshi, ina sayo shayi, kafin a bar ni in ja layi a kan sabon allo. Ba na zarginsa, Allah ya saka masa, haka shi ma aka yi masa, kuma filawud na da tsada, ba ya son yaro ya ɓata. Amma ga abin da na gani da idona: yaron da ya yi wata shida a wurina, na nuna masa yadda ake riƙe inji, na matse masa gabari, ya fitar da taga wadda ba za ka bambanta ta da tawa ba. Ya tsaya yana shafa bakinta, ya ce, "Maigida, ni na yi wannan?" Daga ranar ya daina makara. Hujjar tsoron ɓarna ta faɗi ke nan. Abin da ya rage shi ne tsoron kada yaro ya iya da wuri ya buɗe tasa rumfar. To ai dama tafiya suke yi. Suna tafiya ne ba su iya ba, su hau babur su shiga kabu-kabu, ko su nufi Agadas da Libiya. Uban da ya kawo ɗansa daga Jiratawa ko Tibiri ya ce ga amana, ba don ya ƙware a gugar sanfefa ya kawo shi ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuwa muna ajiye yaran har sai sun bushe.

Magana ta biyu ta fi ta farko nauyi: kuɗi da wuta. Inji mai kyau yana da tsada, haƙori mai bakin kabaid shi ma haka, gam ɗin da ke cikin filawud kuma yana dakushe shi da sauri. Wuta kuwa ba a hannunmu take ba. Wutar Maradi ta layin Katsina take zuwa, kuma ba wanda ya manta da watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke ta bayan juyin mulkin da aka yi a ƙasarmu ranar 26 ga Yuli, aka yi watanni ana fama har zuwa ɗage takunkumin da aka sa mana a farkon 2024. A wannan lokaci na koma zarton hannu kamar kowa, na kuma gode wa Allah da na iya shi. Amma ƙarancin wuta hujja ce a gare ni, ba a kaina ba. In wuta awa uku za ta yi maka a yini, wa ya fi cin moriyarta: wanda zai fara zane da awo bayan ta zo, ko wanda gabarinsa ke matse yana jira? Zane da haɗa gabari ba sa bukatar lantarki. Ana yin su da safe a inuwa. Wuta na zuwa, sai yanka.

Game da tsada, ba dole kowace rumfa ta mallaki nata ba. Mun riga mun saba kai katako wurin masu injin tsagawa da na gogewa mu biya ladan aiki. Me zai hana a layi ɗaya a samu mutum guda mai defonsez da zobba cikakku, saura su zo da gabarinsu? Waɗanda kuma suke da injin, su koma su duba kwalinsa.

Akwai haɗari, ba zan ɓoye ba, kuma wanda ya fi tsorata ni namu ne na nan. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, yaro ya ajiye inji a kan benci bai kashe makunni ba, ya tafi shan ruwa. Wuta ta dawo. Injin da ke juyi dubbai a minti ya tashi shi kaɗai a tsakiyar mutane. A rumfata doka ce: wuta na ɗaukewa, a zare waya daga bango kafin a yi komai. Haka in za a sauya haƙori. Ba a aiki da riga mai faɗin hannu, ba a aiki da rawani ko ƙyalle yana reto. Sai ƙura. Wannan inji yana mai da katako gari mai laushi kamar na tuwo, cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta daɗe da sanya ƙurar katako cikin abubuwan da ke jawo kansa, balle ta filawud da ke haɗe da gam. Mu da muke shaƙar ƙurar hunturu kyauta ba mu da huhun da za mu ƙara masa wannan. Takunkumin hanci da abin toshe kunne ba su kai kuɗin haƙori ɗaya ba. Maigidan da ya sayi inji bai sayi waɗannan ba, bai gama sayayya ba.

Ba kuma kowane aiki ke son gabari ba. In rami ɗaya ne za ka huda, a wurin da ba mai gani, ja layinka ka yanka. In tsohon gida ne a unguwar Mokoyo ko Bagalam da bangonsa ya karkace, ƙofar sai ta bi bangon, a nan ido da hannu ne za su fisshe ka. Ni ƙa'idata, in abu zai maimaitu fiye da sau uku, ko kuma wani abu da aka ƙera a wani wuri zai zauna a cikinsa, to a yi masa gabari.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ban bar maganar a rumfa ba shi ne kasuwa tana sauyawa a gabanmu. Shiga shagunan kayan ɗaki na garin nan ka ga abin da ake shigowa da shi daga Turkiyya da Sin da Dubai. Mu mun san da yawansu garin katako ne aka matse, damina biyu ta ishe su kumbura. Namu ya fi su ƙarfi. Amma uwar amarya ba ƙarfi take fara gani ba. Tana buɗe ƙofa ta rufe, ta ga ta zauna daidai da ƴar'uwarta, ta ga madubi huɗu a layi ɗaya kamar an ja zare. Ta zo wurinmu ta ga ɗaya ya ɗara ɗaya da rabin yatsa. Ba za ta ce komai ba, za ta ce sai ta yi shawara. Ga kuma layin dogo na Kano zuwa Maradi da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021. Ranar da jirgi ya fara tsayawa a nan, kayan kafintocin Kano za su iso mu cikin sauƙin da ba su taɓa samu ba. Jirgin dai da zai kawo nasu zai iya kai namu, in namu ya cancanci a ɗauka. Garin da aka sani da fatauci tun zamanin gyaɗa bai kamata ya tsaya yana sayar da aikin wasu kaɗai ba.

Saboda haka ina da roƙo. Ga masu koyarwa a cibiyoyin koyon sana'a na jihar nan, da makarantun fasaha irin su Lise Teknik Ɗan Kasawa, su tuna cewa mafi yawan kafintocin gobe ba a ajinsu suke ba, suna rumfunan bakin titi. Ɗalibansu sun san zane da lissafi, yaranmu sun san katako. Ko yini ɗaya ne a wata, a haɗa su wuri guda, kowa zai tafi da abin da bai zo da shi ba. Ga masu ba da manyan ayyuka, teburan makaranta, akwatunan asibiti, kayan ƙungiyoyi, su riƙa gwada mu da gwajin da dattijuwar Jiratawa ta yi mini ba da niyya ba: a cire ƙofar wannan a sa a wancan. In ta shiga, a biya. Wannan sharaɗi kaɗai zai sa gabari ya shiga kowace rumfa kafin shekara ta zagayo, ba tare da an yi taro ko an raba takarda ba.

Ga ƴan'uwana masu rumfa kuwa, a bangon tawa yanzu akwai gabari 19 a rataye. A jikin kowane na rubuta da fenti abin da yake yi, da faɗin zobe, da faɗin haƙori: na lasifika, na madubin kwaba, na gurbin makunnin lantarki, na riƙon akwati, na tagar zogale. Uku daga ciki ba ni na yi su ba, yarana ne, ɗaya ma ya fi wanda na fara yi kyau, na sauke nawa na rataye nasa. Wanda yake son kwafi ya zo da ragowar filawud mai milimita 12, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin ba mu da aiki sosai. Ya taho da injinsa da kwalinsa, da yaronsa guda wanda ya iya karanta mita.